Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƙungiyar matasan unguwarmu a Tawa, kan takardar ƙarar da na ƙi sa wa hannu

Assalamu alaikum shugaba, magatakarda, ma'aji da sauran 'yan uwa manya da ƙanana.

Takardar ƙarar da kuke son kaiwa kan mutumin nan mai direk a intanet ta iso mini daren Talata, yaro ne ya kawo ta har gida cikin leda, yace wai in sa hannu a layi na 17 kafin Juma'a don a kai ta gaban mai gabatar da ƙara. Na karanta ta sau biyu a tsaye bakin ƙofa, na maida mishi ita yadda ya kawo ta. Tun daga nan salulata ba ta huta ba, vokal sai shigowa yake, wani yace an saye ni, wani yace dama mushe, wato ni malamin lakwal, ya daɗe yana kallon mutumin nan a ɓoye, har da wanda ya tambaya ko nawa aka turo mini. Da na so in bari sai mun haɗu a fada in faɗa muku baki da baki, amma kun riga kun baza takardar a Facebook da WhatsApp da sunan ƙungiya, ni kuwa ina cikin ƙungiyar nan tun muna tara dala ashirin ashirin a gwangwanin madara. Tunda a bainar jama'a kuka fara to nan zan amsa.

Ba zan kama sunan mutumin ba, ku kun san shi, wanda bai san shi ba kuma ba ni zan yi mishi talla ba. Ɗan Adar ne kamar mu, bida ta kai shi Abijan daga can ya haura Turai, yanzu kusan kowane dare sai ya kunna direk ya zauna da kofin shayi yana bayani da Hausar nan tamu tsantsa, cewa haraji sata ne, gwamnati ɓarawo ce mai tambari, a saida lakwal da likita ga 'yan kasuwa, a bar kowa ya sa wa kayanshi kuɗin da ya ga dama, kowane fili a yi mishi takarda a ba mutum guda, kuma baligi in ya ga dama ya sha tramol ɗinshi ba ruwan hukuma. Shi da kanshi yake kiran kanshi libertariyan. Da Hausa dai masu cewa a sakar wa kowa mara, hukuma ta tsaya kan tsaron rai da dukiya kawai, wasunsu ma cewa suke ko wannan a bar wa kamfani. Ba shi ya ƙago abin ba, a Amurka suna da jam'iyyarsu tun 1971, kuma gwaninshi da baya rabuwa da ambato shi ne shugaban Ajantina Javier Milei, mai yawon kamfe da zarto mai inji a hannu.

Eh ina kallonshi, kuma ba a ɓoye ba. Ku ma kuna kallo, in ba haka ba ina kuka samo shafi huɗu na maganganunshi.

Abin da na lura da shi a takardarku, kun jera abin da ya faɗa kun ce yana tada hankalin jama'a, amma babu layi ɗaya da kuka ce ga inda ya yi ƙarya. Kuma ba ku tambayi kanku ba mi ya sa ɗan kabu-kabu da mai tura ruwa da mai saida kati suke tura wa juna bidiyonshi alhali ko sunan aƙidar ba su iya faɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni na san tsagar don na taɓa sa hannuna ciki.

Babana manomin albasa ne wajen Galmi, kowa ya sani. Wata bakans lokacin ina ɗan kwantaragi albashi ya yi wata uku bai fito ba, sai na bi kamiyon albasa zuwa Akkara a matsayin mai riƙe takardu, don in samu na cefane. Takardunmu cikakku ne wallahi, babu wadda ta rage. Amma tun kafin mu bar ƙasar nan har muka isa, kowane ɗan taƙi sai ka ga igiya ko ganga ko taya a tsakiyar hanya, mai kaki ya miƙo hannu, direba ya sauka da jika ɗaya ko biyu a dunƙule, ba rasit ba komi, na fara rubutawa a bayan kaye har na gaji na bari bayan na wuce ashirin. Wuri guda direban ya yi gardama sai aka ce ya faka gefe, muka kwana biyu cikin rana, albasa kuwa kun san ba ta san haƙuri ba, ta ƙasa ta fara ruwa, warin ma kaɗai ya isa. Da muka dawo aka yi lissafi, abin da aka bari a hanya da abin da ya ruɓe duk daga kuɗin manomi aka cire shi, don dillali baya asara. Tsoho ya yi wata huɗu yana ban ruwa tun asuba, wani ya ci rabonshi da igiya guda. To ranar da mutumin nan ya ce akwai ɓarayi masu tambari, kuna so in ce ƙarya yake? Ba zan iya ba.

Haka zancen itace. Ku tambayi tsofaffinku yadda ake yi da mutum in an kama shi ya sare reshen gawo a cikin gonarshi ta gado. Tun dokar Turawa ta 1935 itacen daji na hukuma ne, bayan 'yancin kai ma aka ci gaba a haka, sai manomi ya ga cewa duk tsiron da ya bari a gona ya jawo wa kanshi tara ne, don haka da ya fito sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Gonaki suka koma fili fetal iska na kwasar ƙasa. Daga tsakiyar shekarun 1980 da aka fara sassabin zamani, wato barin tsiron itace a gona ana renonshi, wajen Maraɗi, aka sassauta wa mutane, daga baya dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka zo, manomi ya tabbata itacen da ya rena nashi ne, shikenan ba wanda ya bi shi da bulala. Yau ana maganar hekta kusan miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a ƙasar nan. In mutumin nan ya ce abin da yake naka shi kake kula da shi, ga gawo nan tsaye yana ba shi shaida.

Ko a kan farashi ba duka ya ɓata ba. Shekara da shekaru muna shan ruwa-ruwa, man sumoga na kwalba, daga Ƙonni da araha saboda tallafin man Najeriya, ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin can, kwalba ta yi tsada nan, kowa ya koma gidan mai. A Yulin 2024 aka sauke litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, muka yi murna har da ni, amma matatar Damagaram ganga dubu 20 take iya tacewa a rana ba ta ƙaru ba, sai ga mu a Maris na 2025 muna kwana a layi da babura. Alƙalami yana iya sauke kuɗin abu, baya iya ƙara yawanshi. Kuma da ya kawo hadisin Anas, cewa kaya sun yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah SAW ya yanke farashi ya ce Allah ne mai yankewa, hadisin yana nan, bai ƙirƙira ba. Wani cikinku ya rubuta mishi a ƙasa cewa kafiri ne. Subhanallah. Mutum ya kawo hadisi ka kafirta shi, mi ka bar wa kanka ke nan?

To yanzu ku saurara ku ji inda na rabu da shi, kuma rabuwar ba ƙarama ba ce, in ya ci karo da wannan wasiƙar shi ma da shi nake.

Ɗan uwa, 2005 kana ina? Ni ina wani ƙauye arewa da nan ina koyarwa. Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta zo ta bi ta kan abin da ya saura. Amma abin da mutane da yawa ba su riƙe ba shi ne giɓin da aka lissafa na ƙasa duka wajen tan dubu 223 ne, ba wai hatsi ya ƙare a duniya ba. Hatsi yana kasuwa. Na gan shi da idona, buhuna jere har sama, tiya a cike an yi mata tozo. Kuɗin ne ya fi ƙarfin mutane, buhun da aka saida lokacin kaka da araha don biyan bashi ya dawo yana neman jika talatin, a daidai lokacin da akuya ta rame ta faɗi warwas, wadda a da take sayen buhu ta koma ba ta sayen rabi. Masu kuɗi sun saye tun kaka sun kulle a mangaza, wani kuma ya bi hanyar kudu inda ya fi tsada. Duk wannan kasuwa ce ke aikinta yadda ka ce a bar ta ta yi, hatsi ya tahi wurin mai kuɗi, ba wurin mai yunwa ba. Mata suna shiga daji tsinkar anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki suna zubar da ruwan don ɗacin ya fita. Ajina na ɗiya sittin da wani abu ya koma ƙasa da ashirin, wasu an tahi da su bida, wasu ba su da ƙarfin tahowa. Akwai yarinya guda mai zama layin gaba, ba zan faɗi sunanta ba, ƙaninta na goye ne ya fara tahiya sannan ita.

Kuma ka san abin da ya fi ci mini rai? An yi wata da watanni ana jan ƙafa kan rabon abinci kyauta, hukuma da masu ba da agaji suna cewa a dai saida da rangwame don kar a lalata kasuwa. Wanda bai da dala biyar ina ruwanshi da rangwame. Sai da hotunan yaran Maraɗi suka fita duniya wajen watan Yuli sannan aka fara rabo, Kofi Annan ya zo har Damagaram a Agusta, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kaɗai sun yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a shekarar. Maganar nan taka ta kar a taɓa kasuwa, an gwada ta a kanmu muna raye. Na san za ka ce ai maƙwabta da suka hana fitar da hatsi su suka ƙara tsadar, kuma hukuma ce ta yi ta musun yunwar. Na yarda, duka biyu sun faru. Amma ko an buɗe kowace iyaka, matar da akuyarta ta mutu da mi za ta saya? Rumbun tsimin gwamnati na OPVN da kake wa dariya kana cewa a rufe, da duk ɓarnar da aka sha yi a cikinshi, an kafa shi ne tun 1970 don irin wannan rana. Gyara yake so. Hadisin farashi da ka kawo yana da ɗan uwa da ba ka taɓa kawowa ba, wanda ya ce babu mai ɓoye abinci sai mai laifi. Kuma da wasu suka ce dukiyarsu tasu ce ba za su ba da zakka ba, Sayyidina Abubakar bai ce musu ai 'yancinku ne ba, yaƙarsu ya yi.

Zancen fili kuma nan ne na gane ka daɗe ba ka taka Azawak ba. Gona daban, makiyaya daban. Ruwa yakan sauka Abalak bana ya ƙi Cintabaradan, baɗi ya juya, makiyayi yana raye ne don yana iya bin ciyawa inda ta fito. Shi ya sa tun 1961 aka ja iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke sama don kiwo, shi ya sa ake da burtali da mashaya da ba na kowa ba. Ka yanka wannan ka ba kowa takarda, wa kake jin zai samu takardar? Ba Bafillacen da ke bayan shanu ba, alhajin birni ne mai kuɗin waya da injin rijiya, kuma an fara gani, mutum ya killace daji ya riƙa saida wa masu dajin ruwa. In burtali ya toshe kuma ba kotu ake zuwa ba, wanda ya san rikicin manoma da makiyaya na Toda cikin 1991, inda aka kashe mutum sama da ɗari yawanci mata da yara, baya wasa da wannan magana. Hadisi ya ce mutane sun yi tarayya cikin uku, ruwa da ciyawa da wuta. Sannan gawon nan da na ba ka gaskiya a kanshi, ka je Keita ka ga ɗaya gefen. Tun 1984 aka fara aikin can da kuɗin Italiya, mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka ana biyansu da abinci, aka ɗaure tsaunuka aka tare ƙoramu. Layukan dogon yaro na kwarin Majiya tun 1975 haka. Ba manomin da zai iya tare ruwan dutse shi kaɗai don gonarshi, in na sama bai ɗaure ba na ƙasa ya tahi.

Ajantina kuma, tunda kullum ita ce. Gaskiya ne Milei ya hau ranar 10 ga Disamba 2023 shekarar kuma ta ƙare da tsadar kaya ta kai kashi 211 cikin 100, ya rage ma'aikatun ministoci daga 18 zuwa 9, kafin ƙarshen 2024 tashin farashi na wata ya sauko ƙasa da kashi 3. Gaskiya ne kuma talauci ya haura kusan kashi 53 a farkon rabin 2024 kafin ya sauko wajen 38, wannan rabin ba ka cika faɗinshi ba. Amma bar wannan ma. Su suna da gwamnati mai ƙiba da za a yanka, ƙasa ce mai fitar da nama da alkama da waken soya, kusan kowa ya yi lakwal. Mu mi za a yanka? UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta yamma masu kashe sefa, ta sa ma'aunin haraji kashi 20 cikin 100 na arzikin ƙasa, ba mu taɓa kai wa ba. Je ƙauyen da na koyar, aji na zana ne, likita mafi kusa tahiyar rabin yini ce a amalanke, wace gwamnati ce ta yi musu yawa? Tamu ta yi kauri a kan hanya inda igiya take, ta yi siriri a ɗakin haihuwa. Kai ka ga kaurin ka ce a kashe ta duka. Kuma an taɓa yanka mana ita ai, zamanin gyaran tattalin arziki na shekarun 1980 da 1990 da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, abin da ya biyo baya shi ne aka daina ɗaukar cikakkun malamai aka ƙirƙiro irina, ɗan kwantaragi mai jiran albashi. Ba ɗan kasuwar da ya ruga ƙauye ya buɗe lakwal, don ba riba a wurin wanda bai da ko na alli. Tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa kyauta ne, eh sau da yawa ka je a ce magani ya ƙare ka sayo a farmasi, na sani, na sha sayowa. Amma matata da aka yi wa tiyata da dare ba a ce in ajiye kuɗi kafin a taɓa ta ba.

Tramol ba zan ma daɗe kanshi ba. Ka ce jikin mutum nashi ne. Ɗan kabu-kabun da ya haɗiya ya hau babur, ƙafar tsohuwar da ya taka ita ma tashi ce?

Kun gani ko 'yan uwa, amsa tana nan, ba ta ma da wuya, a cikin gidajenku take, kowane ɗayanku yana da uwa ko kaka da ta jiƙa anza. Amma mi kuka yi? Kun zagi mahaifiyarshi, baiwar Allah da ke nan cikin garin nan tana saida ƙuli-ƙuli ba ta ma san mi ake kira direk ba. Wani ya ɗauko hoton ƙanwarshi na biki ya sa da magana marar daɗi, wanda ya yi ya san kanshi kuma na gaya mishi a ido. Kun ce bawan Faransa ne, alhali rabin bidiyonshi zagin sefa ne da bankin da ke buga ta da asusun lamuni na duniya FMI da duk wani agajin waje, ko sauraro ba ku yi ba kafin ku laƙaba. Duk zagin da kuka yi sai ya ɗauko shi ya karanta a direk yana dariya yana cewa kun gani ba su da hujja, mabiyanshi suka ƙaru. Ku kuka yi mishi aiki kyauta.

Sai kuma takarda. Magatakarda, kai ka yi karatun doka shekara biyu, kai ya kamata ka fara ja musu birki. Dokar laifukan intanet ta 2019 ce, a 2022 aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna, a Yunin 2024 aka maido shi, shekara 1 zuwa 3, yaɗa abin da aka ga zai tada hankalin jama'a kuma 2 zuwa 5. Yanzu ka buɗe hotunan da kuka liƙa a bayan takardar a matsayin shaida ka duba da kyau. A ƙarƙashin kowace maganarshi zagin wa ke nan, da suna da hoto? Naku. Da hannunku za ku kai wa alƙali shaidar kanku. In za ka gina ramin mugunta aka ce gina shi gajere, ku kun gina har da matakala.

Kuma shi yana Turai, ba wanda zai je ya ɗauko shi. Wanda hannu zai kai gare shi shi ne wanda kuka rubuta a shafi na uku cewa shi ke yaɗa bidiyon a gari, ƙaninshi, yaron da ke cajin salula a bakin tasha, wanda da yawanku kuke bar wa salularku bashi. Shekararshi nawa, ashirin? Yana tura bidiyon ne don yayanshi ne kuma shi ke aiko musu da kuɗin hatsi. Wannan yaron kuke so ya kwana gidan kaso don yayanshi ya ce a saida lakwal. Shugaba, kai da babansu kun yi sahu ɗaya a masallaci shekara nawa kafin ya rasu, da wane ido za ka kalli tsohuwar in an zo an tahi da shi.

Wani abu kuma da ƙananan cikinku ba su sani ba. Farkon 2005 ɗin nan dai aka sa harajin TVA na kashi 19 kan madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta. Ranar 15 ga Maris mutane suka cika titunan Yamai, aka yi ta rufe garuruwa kasuwa ba ta ci, har nan Tawa. Aka kama jagororin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa irin su Nouhou Arzika da Marou Amadou aka ce suna yi wa ƙasa zagon ƙasa, daga baya aka sake su aka janye yawancin harajin. Iyayenku da yayyenku suna cikin masu rufe shago. Abin da aka tuhume su da shi kusan kalma da kalma shi kuka rubuta a takardarku. Ƙorafi kan haraji ba daga Turai aka kawo mana shi ba, kakanninmu sun sha tsallakawa ƙasar Ingilishi da dare don gudun lampo da aikin dole. Kuma mu ɗin nan, watan jiya ba mu muka yi bidiyon kwatar unguwa da ta cika muka ce ina kuɗin da ake karɓa a kasuwa suke tahiya ba? In wani ya ga dama gobe ya ce wannan ma tada hankali ne.

Ga abin da nake roƙo. Ku janye takardar, ku goge hoton yarinyar nan yau ba gobe ba, mutum biyu su je su ba tsohuwa haƙuri, ni zan raka su in ana jin nauyi. Sannan mu amsa mishi a filin da ya zaɓa. Na yi magana da babana ya yarda a ɗauke shi, zai faɗi zancen shingaye yadda yake ba ragi, don in mun ɓoye wannan ba mai yarda da sauran, sannan ya faɗi nawa ya saida buhu a kakar 2004 nawa ya saye shi a damanar 2005. Akwai wata inna a Keita da ta ɗauki dutse a aikin can, akwai wani ardo da nake saya wa ragon layya wanda in ya fara zancen burtali sai kun ce ya isa. Minti biyar biyar ya wadatar, ba zagi, ba kiran sunan uwar kowa. In ya yarda a haɗu a direk ni zan zauna da shi, sharaɗina guda ne, kowa ya bari ɗan uwanshi ya kai aya, kuma zan fara da tambayarshi wa zai gina aji a ƙauyen da na baro.

Taron Juma'a bayan la'asar zan zo in sha Allah, wanda ke da magana ya faɗa mini a can ba a vokal na ƙarfe ɗayan dare ba. Wanda salularshi ke ɗaukar murya da kyau ya taho da ita da caji. Ma'aji, kuɗin wata biyu da ake bina zan zo da su, kar a ce don su na ɓata. Kuma butar shayina da aka ara tun ranar sunan ɗan shugaba, don Allah a haɗo mini da ita.

Naku,
mushe, mai lamba 17 a takarda